Alƙalamin Mai Suka Da Hannun Likita

Mai karatu, wannan makon za mu leƙa ƙasar Rasha, mu duba rayuwar Sergei Rachmaninoff, gwanin kaɗa fiyano kuma mai tsara kiɗa, wanda aka haifa a 1873. Abin da ya ja hankalina gare shi shi ne shekaru uku da ya yi alƙalaminsa a bushe, da abin da ya jawo hakan, da kuma yadda aka ceto shi.

Rachmaninoff ya taso a gidan masu hali, amma mahaifinsa ya salwantar da dukiyar iyali. Yana ɗan shekara 12 aka kai shi Mosko wurin wani malami mai tsanani, Nikolai Zverev, wanda ɗalibansa ke soma atisaye tun da asuba. A 1892 ya kammala babbar makarantar kiɗa ta Mosko da lambar zinare mafi daraja, har Tchaikovsky, jigon makaɗan Rasha na lokacin, ya yaba masa. Kowa ya ɗauka hanya ta buɗe.

A watan Maris na 1897 aka gabatar da simfoninsa na farko a birnin St. Petersburg. Simfoni doguwar tsararriyar kiɗa ce da gungun makaɗa masu yawa ke yi tare ƙarƙashin madugu guda. Madugun wannan dare, Alexander Glazunov, bai ba aikin isasshen atisaye ba, sai kiɗan ya fito a hargitse. Wani fitaccen mai sharhi, César Cui, ya rubuta a jarida yana kamanta aikin da annobar da ta sauka wa Masar a zamanin Fir'auna, ya ce mazauna wuta ne kaɗai zai faranta wa rai. Saurayin bai cika shekara 24 ba.

Magana zarar bunu ce. Daga nan Rachmaninoff ya shiga ƙunci mai tsanani. Ya ci gaba da neman abinci, har ya yi aikin madugu a wani gidan wasan waƙe na Mosko, amma kusan ya daina tsara sabon kiɗa. Masoyansa suka haɗa shi da babban marubuci Tolstoy ko zai ƙarfafa masa gwiwa, sai dattijon ya nuna bai ga amfanin irin kiɗansa ba. Aka je neman magani, aka dawo da ƙarin ciwo.

'Yan uwansa ba su ce masa ragwanci ne ba. Sun lallashe shi ya ga likita. Daga Janairu zuwa Afrilu na 1900 ya riƙa zuwa wurin Dakta Nikolai Dahl, likitan da shi ma yake taɓa kiɗa, suna zama kusan kullum domin gyara barcinsa da cin abincinsa da dawo masa da yarda da kansa. Kafin shekarar ta ƙare ya koma rubutu. A Nuwamba 1901 ya zauna gaban fiyano a Mosko ya gabatar da cikakken kiɗansa na biyu na fiyano da gungun makaɗa, wanda har yau yana cikin waɗanda aka fi kaɗawa a duniya. A shafin farko ya sadaukar da shi ga Dahl.

Sauran tarihin sananne ne. Juyin juya halin 1917 ya raba shi da ƙasarsa da gonarsa, ya isa Amurka a 1918, ya koma rayuwa da yawon kaɗa fiyano yana ɗan shekara 45. A tsawon zaman gudun hijira manyan ayyuka shida kacal ya kammala. Ya rasu a Kalifoniya ranar 28 ga Maris, 1943.

Simfonin nan na farko bai sake jin sa ba har ya koma ga Mahaliccinsa, amma bai manta da shi ba: a aikinsa na ƙarshe, na 1940, ya saƙa wani ɗan yanki nasa a ciki. Bayan rasuwarsa aka gano takardun makaɗan, aka sake haɗa aikin, aka kaɗa shi a Mosko a 1945, ya kuwa samu karɓuwa. Ashe laifin ba na yaron ba ne duka.

Ga mu masu riƙe da alƙalami, da malaman da ke duba aikin ɗalibai, akwai abin lura a nan. Suka wajibi ce, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Amma Cui bai nuna wa matashin inda zai gyara ba, ya dai mayar da shi abin dariya, kuma bai tsaya ya tantance ko kuskuren na mai tsarawa ne ko na madugu ba. Kafin ka rubuta hukunci a kan aikin farko na wani, ka tambayi kanka ko abin da ka rubuta zai taimaka masa ya yi na biyu.

Ga iyaye da 'yan uwa kuma, idan mai hazaƙa ya yi shiru bayan faɗuwa, ya daina barci, ya daina cin abinci, kada a tsaya ga faɗa da gori. Ƙuncin zuciya ciwo ne da ke da likitoci, kuma zuwa wurinsu ba abin kunya ba ne. Rachmaninoff bai ɓoye nasa likitan ba, sunansa ma ya ɗora a kan aikin da ya fi ɗaukaka shi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.