Mai bulala ba ya jin cikin yaro

Tun 1968 masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, Stanley Strong, ya bayyana abu uku da ke sa a karɓi maganar mai ba da shawara: ƙwarewa, riƙon amana, da kwanciyarsa a ran mai saurare. Mu malamai shaida ne. Yarinyar da ake shirin cirewa daga makaranta ba za ta faɗi cikinta ga wanda ya zane ta da safe ba, balle mai kai sirrin ɗalibai ɗakin malamai. Duk da haka, sau da yawa malamin ladabtarwa ake ɗora wa aikin shawara. Muna kira ga reshenmu ya nemi hukumar ilimi ta raba ayyukan biyu, ta horar da malaman da yara suka aminta da su.