Alƙalami a Fagen Hani da Mummuna

A shekarar 1982 aka buga Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, labarin fasa-ƙwauri da cin hanci, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, mai cike da ta'addanci da zubar da jini. Manazarta adabi a jami'o'inmu sun karɓe su hannu bibbiyu. Amma a gidaje da yawa har yau ana ɗari-ɗari da littattafan hikaya, ana cewa suna ɓata tarbiyya. A 2007 ma an ƙona wasu littattafan Hausa a Kano bisa wannan zargi.

Damuwar iyaye tana da tushe, sai dai ma'aunin yana buƙatar gyara. Alƙur'ani Mai Girma ya ba mu labarin Fir'auna da Ƙaruna dalla-dalla, ya kuma nuna mana makomarsu domin mu wa'aztu. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce: shin marubucin ya ƙawata zalunci ne, ko kuwa ya tona masa asiri? Wanda ya fallasa azzalumi da alƙalaminsa yana hani da mummuna ne da harshe.

Ya ku iyaye da ɗalibai a Falgore da Ƙaraye da Rogo, ku karanta kafin ku yanke hukunci. Matashin da ya gane dabarun maciyin amana a takarda, da wuya ya sayar masa da ƙuri'arsa ranar zaɓe. Allah Ya sa mu dace.