Wanda Za A Bincika Shi Ke Zaɓen Mai Bincike

Tun shekarar 1992 ake cire kashi 2.5 cikin ɗari daga albashin ma'aikacin Nijeriya kowane wata, ana zubawa a Asusun Gidaje na Ƙasa da ke hannun Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, wato FMBN. Alkawarin da aka yi masa shi ne rancen mallakar gida da kuɗin ruwa kashi 6 cikin ɗari, ya biya cikin shekaru har 30. A 2023 aka sassauta dokar ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu, amma malamin makarantar tarayya da ɗan sanda ba su da zaɓi. Wanda aka tilasta wa ajiya yana da haƙƙin sanin wanda ke ƙirga kuɗinsa.

Sashe na 85 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya alhakin duba asusun gwamnati. Amma ƙaramin sashe na 3 ya hana shi binciken asusun hukumomin da doka ta kafa, irin su FMBN da Hukumar Gidaje ta Tarayya. Aikinsa shi ne ya miƙa musu jerin sunayen kamfanonin bincike, su zaɓi wanda suke so, su biya shi, sannan shi ya yi sharhi a kan rahoton, ko ya leƙa jefi-jefi. Wane kamfani ne zai tona asirin wanda yake fatan ya sake ba shi aiki baɗi? An dai ba kura ajiyar nama.

Mun riga mun ga abin da rashin sa ido ke haifarwa. Gwamnatin Shehu Shagari ta ƙudurta gina gida 2,000 a kowace jiha duk shekara, aka kafa wasu a wuraren da babu ruwa babu hanya, suka zama kufai. A 1994 aka yi shelar gida 121,000, aka karɓi kuɗin kafin alƙalami daga jama'a, abin da aka gina bai taka kara ya karya ba. Yanzu kuma ga shirin Renewed Hope, wanda aka aza harsashinsa a Karsana, Abuja, a 2024, ƙarƙashin wannan tsari dai.

Za a ce hukumomin na buƙatar 'yanci domin su yi aiki da sauri. Shekara talatin da ɗoriya ta ishe mu ganin saurin.

Majalisa ta takwas ta zartar da ƙudurin da zai maye gurbin dokar bincike ta 1956, Shugaba Buhari bai sa hannu ba. Sabuwar doka kaɗai ma ba za ta wadatar ba muddin ƙaramin sashe na 3 yana nan. A gyara shi, a kuma wajabta wa FMBN buga adadin kuɗin da ya shiga, da yawan waɗanda suka samu rance a kowace jiha, duk shekara. Ƙungiyar Ƙwadago ta NLC ce ya kamata ta ja ragamar wannan gwagwarmaya, domin gumin 'ya'yanta ne ke cikin asusun.