Gargaɗi Bisa Jirgin Shagalin Dare

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya hore wa bayinsa kogi da teku domin su ci amfaninsu su gode. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku malamai da almajirai, mun rubuta wannan takarda bisa wata al'ada ta manyan birane wadda mutanenmu suka fara afkawa cikinta a ƙasashen waje. Fatakenmu suna zuwa Dubai da Istambul saro kaya, marasa lafiya suna zuwa Alkahira neman magani, ɗalibai suna zuwa Azhar karatu, masu Umra kuma wasu sukan yada zango a waɗannan birane. To, dillalan tafiya sukan sa musu cikin lissafi wani abu da suke kira yawon kogi da abincin dare. Mutum ya biya, ya hau, ya komo gida yana nuna hotuna cikin waya. In zuciyarsa ta yi masa nauyi ya zo ya tambayi malam, ya ce, "Allah gafarta malam, na shiga jirgi na sha iska, da laifi?" Malam kuwa bai taɓa ganin abin ba, sai ya ce ba laifi. Saboda haka muka ga wajibi ne mu bayyana sifar abin tukuna, domin ba a yanke hukunci bisa abin da ba a san kamanninsa ba.

Fasali na farko: sifar jirgin

Jirgi ne babba mai bene, an jera tebura da kujeru cikinsa, an ƙawata shi da fitilu. A Alkahira yana yawo bisa Kogin Nilu. A Istambul yana bin mashigin Bosfor wanda ya raba Turai da Asiya. A Dubai kuwa jirgin katako ne irin na fataken Larabawa na dā, waɗanda suke kai kaya Indiya da gaɓar Afirka ta gabas, aka mai da shi ɗakin cin abinci. Wani yakan tashi gabanin faɗuwar rana domin a kalli faɗuwarta bisa ruwa, wani sai dare ya yi. Yawon yakan ɗauki sa'a biyu ko uku.

Da an janye katakon hawa sai a kawo abinci, makaɗa su fara. A Alkahira da Istambul mace takan fito tana rawar karkaɗa ƙugu, galibin jikinta a waje, ta bi tsakanin tebura, mai hoto yana biye da ita yana ɗaukar ta tare da baƙi domin ya sayar musu. Sa'an nan wani namiji ya fito da buje mai faɗi mai launi-launi ya yi ta juyi, shi ne ake kira tannura. A ƙarshe a kira jama'a fili, maza da mata su cuɗanya. Abin sha kuwa, a Istambul kuɗin shiga iri biyu ne, na mai shan barasa da na mai shan lemo, amma zaure ɗaya ne, wani lokaci ma tebur ɗaya. Gaskiya ce akwai jiragen da ba su sayar da giya, musamman a Dubai, amma wanda bai tambaya ba tun yana tudu ba shi da hanyar sanin wanne ya hau.

Wannan sana'a an ƙaga ta ne domin baƙi masu yawon buɗe ido. A shekarar 1869 wani Bature mutumin Ingila, Thomas Cook, ya yi hayar jiragen tururi biyu ya kai matafiya yawo bisa Nilu, daga nan ciniki ya buɗe ya yi ta yaɗuwa. Ita kuwa tannura asalinta juyin da mabiya ɗariƙar Maulawiyya suke yi, wadda ake jingina wa Jalaluddini Rumi, wanda ya rasu a Konya a shekarar 1273. Malamai sun yi saɓani bisa wannan juyi tun dā, kowa da hujjarsa. Amma da mai yarda da shi da mai inkarinsa ba wanda zai yarda a ɗauko abin da masu shi suke kira zikiri a sa shi tsakanin rawar mace da kwalaben barasa domin a yi tafi.

Fasali na biyu: majalisin da ba shi da ƙofa

Ku lura da wannan, domin shi ne gindin maganarmu. Shari'a ta umarci Musulmi, in munkari ya bayyana a majalisi ya kasa kawar da shi, ya tashi ya bar wurin. Ku duba aya ta 140 cikin Suratun Nisa'i da aya ta 68 cikin Suratul An'ami, da abin da masu tafsiri suka ciro daga cikinsu bisa zama da masu saɓo. Hadisi kuma ya zo da hani ga mai imani ya zauna ga teburin da ake zagayawa da giya a kansa. Almajirin da ya karanta Ahalari ya san tun a farkon littafi an hana shi abuta da fasiƙi da zama da shi ba da larura ba. Wanda ya kai Risala ya san ko walimar aure, wadda ake umarni da amsa kiranta, an yi sharaɗi kada a sami wasan banza bayyananne ko munkari a wurin.

To, wanda ya shiga gidan biki a tudu ya tarar da ɓarna yana iya neman takalminsa ya fita. Wanda ya hau jirgi fa, ina zai fita? Ruwa ne dama, ruwa ne hagun, matuƙi kuwa ba zai koma gaɓa saboda mutum ɗaya ba. Ya ɗaure kansa ke nan sa'a biyu ko uku, shi da matarsa da 'ya'yansa in ya zo da su, kuma shi ya biya kuɗin igiyar da hannunsa. Ba zai ce tilas aka yi masa ba, domin tilas da shari'a take karɓar uzurinta ita ce wadda ta afko wa mutum ba da zaɓinsa ba. Wanda ya san abin da ke cikin jirgi kana ya taka katako ya hau, ya yarda da majalisin tun daga farkonsa har ƙarshensa.

Fasali na uku: salla

Kun sani a mazhabarmu ta Malikiyya zaɓaɓɓen lokacin Magariba gajere ne, gwargwadon a yi tsarki a yi sallar bayan rana ta faɗi. Jirgin kallon faɗuwar rana kuwa daidai wannan lokaci yake tsakiyar ruwa. Ladanai suna kiran salla daga hasumiyoyin Alkahira da Istambul, sautin yana ratso ruwa, ganga tana danne shi.

In wani ya ce, ai salla cikin jirgin ruwa ta inganta, mu ce masa haka ne, da sharaɗin ya fuskanci alƙibla, ya juya tare da ita in jirgin ya juya matuƙar yana da iko. Amma a gaya mana inda zai shimfiɗa buzu, tsakanin makaɗa da masu raba abinci, da inda zai yi alwala. In kuma ya ce shi matafiyi ne zai haɗa salloli, mu ce ya koma ga Muhtasar. Mashhurin mazhaba shi ne rangwamen haɗa salla saboda tafiya na matafiyin tudu ne, ban da na ruwa. Balle ma wannan yawo ba tafiya ba ce, zagaye ne a komo inda aka tashi, kuma malamai ba su buɗe ƙofar rangwame domin fitar shagali ba.

Fasali na huɗu: amsar masu musu

In wani ya ce, "Ni lemo na sha, ban taɓa kwalba ba," mu ce madalla da ka tsare bakinka. Amma hanin da ya zo bisa zama ne, ko ba a sha ba. Kuɗinka kuma sun shiga asusu ɗaya da ake biyan mai rawa da mai kiɗa. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

In ya ce, "Na je kallon ikon Allah ne, kogi da gari da dare," mu ce kallon halittar Allah abin so ne, Alƙur'ani ma ya yi kira gare shi a wurare da yawa. Sai dai an jera kujerun nan ne suna kallon filin rawa, wanda ya zo domin kogi ba ya bukatar a ɗauko masa mai rawa.

In ya ce, "Ai ƙasashen Musulmi ne, ga Azhar nan kusa, da haram ne da an hana," mu ce aikin mutanen gari ba hujja ba ne, kuma lasin da hukuma ta bayar domin kuɗin baƙi ba fatawa ba ne. Kakanninmu sun bi ta Masar a ƙafa da bisa raƙuma, har aka keɓe wa mutanen Barno ruwaƙi nasu a cikin Azhar, abin da suka komo da shi littattafai ne da ijaza. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, ya yi inkarin cuɗanyar maza da mata a dandalin kiɗa da rawa a ƙasar Hausa. Abin da ya hana a dandalin ƙauye ba zai halatta ba domin an ɗora shi bisa ruwa an kunna masa lantarki.

Fasali na biyar: hatsarin rai

Daren 20 ga Agusta 1989 wani jirgin shagali mai suna Marchioness yana bisa Kogin Tems a Landan, ana bikin ranar haihuwa, jirgin haƙar yashi ya buge shi ta baya, ya nutse nan take, mutum 51 suka mutu. Binciken hukuma ya sami cewa duka jiragen biyu ba su sa ido bisa hanya yadda ya kamata ba. Ran 30 ga Maris 2006 jirgin katako mai suna Al-Dana ya kife da dare kusa da gaɓar Baharain, ana liyafar ma'aikatan gini, mutum 58 suka mutu, kotu ta ɗaure mai jirgin da matuƙinsa. A watan Yuli 2015 jirgin kaya ya buge jirgin biki da dare bisa Nilu a Warraƙ, gefen Alkahira, fiye da mutum 30 suka mutu, da mata da yara cikinsu. Ran 29 ga Mayu 2019 jirgin kallon gari da dare ya nutse a Kogin Danub a birnin Budafes bayan babban jirgi ya buge shi, cikin mutum 35 bakwai kaɗai suka tsira.

Kada wani almajiri ya ɗauki waɗannan labarai ya hau mumbari ya ce Allah ya halaka su saboda rawa. Wannan shiga gaibu ne, ba mu da izninsa. A nan gida, a watan Nuwamba 2021, jirgi ya kife a ruwan Bagwai ta jihar Kano, fiye da mutum 20 suka rasu, galibinsu yara 'yan Islamiyya, Allah ya jiƙansu. Ruwa ba ya tambayar mutum abin da ya kawo shi. Abin da muke cewa shi ne, duhu da cunkoso da ƙarar kiɗa da maye suna rage wa mutum dabarar tsira in abu ya faru, kuma ajali yana iya riskar mutum a kowane zama. Mai hankali sai ya zaɓi zaman da ba zai ji kunya a tashe shi daga cikinsa ba.

Fasali na shida: abin da muke kira gare shi

Ba mu hana kowa shan iska ba. Mai son ganin Nilu ya yi hayar faluka, wato ƙaramin jirgi mai filafilai, shi da iyalinsa, bayan La'asar, ya komo gabanin Magariba. Mai son ganin Bosfor ya hau jirgin fito na jama'a daga Eminonu zuwa Uskudar, zai ga masallatai da fadojin sarakunan Usmaniyya da kuɗi kaɗan. A Dubai akwai abra, ƙananan jiragen fito da ke ƙetare mashigin tsohon gari. Duk waɗannan mutum yana sauka cikin ɗan lokaci, ba a ɗaure shi ga wani majalisi ba.

Ga matafiyi, kafin ya biya ya tambayi abu uku: ana sayar da giya, akwai rawa, kuma yaushe jirgi zai tashi yaushe zai komo. In dillali ya ce an riga an haɗa kuɗin cikin lissafi, ya ce a cire, in an ƙi ya bar musu, asarar kuɗin ta fi sauƙi.

Ga dillalan tafiya na cikinmu, ku ji tsoron Allah bisa amanar mutanen da suka miƙa muku fasfo da dukiya, da yawansu ba su jin harshen ƙasar da kuka kai su. Ku faɗa musu abin da ke cikin jirgi tun suna gida.

Ga malamai kuwa, in an kawo muku tambaya bisa abin da ba ku gani ba, ku nemi sifarsa filla-filla kafin ku amsa. Ku tuna misalin da ya zo cikin Buhari na mutanen da suka yi tarayya cikin jirgi, wasu a sama wasu a ƙasa, na ƙasa suka so su huda rabonsu domin su ɗebi ruwa. Da hana su da ƙyale su, kun san abin da kowanne yake jawowa ga jama'a duka. Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman mai shirin tafiya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya tsare matafiyanmu a tudu da ruwa da sama, ya komo da su gida da imaninsu, ya sa mu cika da kyau. Amin. Wassalamu.