Abin da ke kwance ƙarƙashin ƙasar Arewa

Duk wanda ya bi hanyar Doso zuwa Dogon Dutsi ya ga jajayen tsaunukan da ke tsaye bisa garin. Wannan jan launi tsatsar ƙarfe ce, irin tamar da maƙera suka daɗe suna narkawa tun kafin zuwan Nasara. Masana sun ƙidaya sinadarai na asali kusan 90 da Allah ya ajiye cikin ƙasa, amma guda 8 kaɗai suka kwashe fiye da kashi 98 cikin 100 na ɓawon duniya. Oksijin yana da kimanin kashi 46, silikon da ke cikin rairayi kashi 28, sai alminiyom da ƙarfe su biyo baya.

Sauran sinadaran, sama da 80, suna raba abin da bai kai kashi 2 ba, amma a cikinsu arzikin Nijar da wahalarta suke. Yuraniyom bai wuce giram 3 a tan ɗaya na dutse ba a yawancin wurare. Inda ya taru a Arlit, tun 1971 ake haƙarsa, fitilun Faransa suka sha haske. Fosfor kuwa shi gonakin hatsi suka fi rashi, alhali ga duwatsunsa jibge a jahar Tawa, manomin Matankari yana cin bashin taki.

Mafi tsanani shi ne filiyo. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da iyakarsa a miligiram 1.5 cikin lita ɗaya. A Tibirin Gobir ta jahar Maraɗi, ba Tibirin Arewa ba, an buɗe wata rijiyar burtsatse a 1985 wadda ruwanta ya zarce wannan iyaka nesa ba kusa ba. Shekaru fiye da 10 ana sha, har ƙafafun ɗaruruwan yara suka lanƙwashe. Ruwan garau yake, babu wari, babu ɗaci.

Yau ana ta haƙa burtsatse cikin Dallol Mawri, daga Dankasari har Gesheme, ana yanka kintinkiri ana tafi. Wa ya taɓa ganin takardar awon ruwan? Wajibi ne ma'aikatar ruwa ta auna kowace rijiya kafin a buɗe ta, ta sake aunawa kowace shekara, sa'an nan ta liƙa sakamakon da Hausa da Faransanci a ƙofar ofishin magajin gari, da kuma bakin famfon da mata ke jera jarkokinsu.