Ku Roƙi Iyayenku Su Kai Ku Badagry

Ya ku ɗalibai, da zarar an ba da hutu, iyaye da yawa sukan fara neman inda za su tura 'ya'yansu darasin hutu. Yaro ya yi wata uku a aji, sai a sake mayar da shi wani ajin. Koyarwa sana'ata ce, don haka ba na ƙin karatu. Amma a ganina, iyalin da suka ware kwana biyu suka tafi bakin teku tare sun fi waɗanda suka biya kuɗin darasin mako huɗu cin riba. In kuma aka tambaye ni garin da za a je, sai in ce Badagry.

Badagry tana jihar Legas, yamma da birnin, kusa da iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin. Yawancin mutanenta 'yan ƙabilar Ogu ne, waɗanda aka fi sani da Egun. Gari ne na masunta da manoman kwakwa. A bakin tekun za ku taka rairayi mai laushi, ku sha ruwan kwakwa, ku ga masunta suna jan taru. Za ku kuma ga igiyar ruwa tana tasowa tana dukan gaɓa ba dare ba rana. Kun sha karanta sunan Tekun Atlantika a littafi. To, gani ya kori ji.

Sai dai in don rairayi da kwakwa ne kawai, akwai wurare da yawa. Abin da ya sa na zaɓi Badagry shi ne tarihinta. Shekaru aru-aru garin yana cikin manyan tashoshin cinikin bayi a Afirka ta Yamma. A gidajen tarihinsa akwai sarƙoƙi da maruruwan da aka ɗaure mutane da su. Akwai kuma ƙananan ɗakuna masu duhu a gidan Seriki Williams Abass, inda aka riƙa cusa bayi kafin jirgi ya zo. Daga nan sai ku shiga kwalekwale ku ƙetara zuwa tsibirin Gberefu. Ku bi doguwar hanyar rairayi da ƙafa har bakin teku. Nan ne inda aka riƙa zuba mutane a jirgi, kuma wanda ya kai nan ba ya sake ganin gida. Ku yi wannan tafiya da tsakar rana, ƙishirwa ta kama ku, sannan ku tuna cewa waɗancan bayin Allah sun yi ta da sarƙa a wuya.

Wasu iyaye sukan ce bai dace a haɗa shaƙatawa da irin wannan baƙin ciki ba, wai yara su yi wasansu kawai. Ban yarda ba. Ɗan sakandare ba jariri ba ne. Gara ya ga waɗannan abubuwa yana tare da mahaifinsa da mahaifiyarsa, ya yi tambaya su ba shi amsa. Abin da ba na so kawai shi ne in ga baƙi sun rataya sarƙar bayi a wuya suna dariya ana ɗaukarsu hoto. Kada ku yi haka.

Ku da kuke koyon Hausa, akwai wani abu da ya shafe ku. Daga Badagry ne Bature Hugh Clapperton ya tashi a ƙarshen shekarar 1825, ya ratsa ƙasar Yarbawa, ya nufi Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A can ya rasu a 1827. Ashe tun wancan zamani akwai hanyar da ta haɗa bakin teku da ƙasar Hausa. Za kuma a nuna muku benen da 'yan mishan suka gina a 1845, a ce muku shi ne bene na farko a Nijeriya. Bakatsine zai yi murmushi, domin hasumiyar Gobarau ta girme shi nesa ba kusa ba.

Maganar kuɗi gaskiya ce, ba kowane gida ne zai iya ba. Amma ba dole sai an kwana a babban otal ba. Waɗanda suke Legas ko Ogun suna iya yin sammako su dawo da yamma, su tafi da abincinsu daga gida. Sammakon yana da muhimmanci, saboda cunkoson motoci a hanyar.

Hutun Disamba ya fi dogon hutu dacewa, domin da damina teku yakan yi fushi. Ko da rani ma, igiyar ruwan wurin tana da ƙarfi, tana iya jan babban mutum. Ku tsaya inda ruwa bai wuce idon sawu ba, ku riƙe hannun ƙannenku. In za ku shiga kwalekwale, ku nemi rigar da ke hana nutsewa. Idan mai kwalekwalen ya ce babu, ku jira wani.