Batiri rumbun wuta ne

'Yan'uwa manoma da makiyaya, a Atantane da sauran ƙauyukan Tasawa da Mayayi, mutane na kunna fitila da cajin salula da batirin mota. To ku saurara, don batiri tsada gare shi.

Batiri ba ya haihuwar wuta, ajiya yake yi kamar rumbu. Ɗaki 6 gare shi, kowane da bolt 2, duka bolt 12. Cikin mota, inji ke juya dinamo, dinamo ya mayar da wutar da aka ci. A gida, farantin hasken rana ke wannan aiki.

A Turai da Amurka akwai motoci masu ɗakin kwana. Batiri 2 ake sa musu: na tada inji da na fitila. In inji ya tsaya, wata na'ura sai ta raba su, kada fitila ta cinye na tada mota. Kamar manomin da ya ware iri daga cimaka.

Ga abin kiyayewa:

1. Ku sa regilata tsakanin faranti da batiri. In babu ita, caji zai yi yawa, ruwa ya ƙone.
2. Kada ku ci fiye da rabin wutar. Batirin da ake tatsewa ƙarƙaf ba ya daɗewa.
3. In ruwa ya ragu, ku ƙara ruwan batiri. Gishirin ruwan rijiya na ɓata shi.
4. Ku ajiye shi a inuwa, nesa da yara, don ruwansa na ƙona fata. Ban da shan taba kusa: iskar da yake fitarwa na kama wuta.

Wanda ya iya karatu, ya karanta wa maƙwabcinsa.